Shatar jirgi, sayen kaso ko kujerar alfarma: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ba sai an yi masa dogon bayani a kan jirgin sama na ƙashin kai ba. Kuɗin sayen dokin shi ne mai sauƙi. Harawa da dusa da kanwa da yaron da ke kula da turke suna nan kullum, ko ka hau ko ba ka hau ba, alhali hawan nasa bai wuce na Sallah biyu da 'yan bukukuwa ba. Jirgi ma haka yake, sai dai shi da dala ake lissafin cinsa. Duk tsare-tsaren da ake tallatawa masu hali, daga shata har sayen kaso, rigima ce a kan abu ɗaya: wa zai ciyar da dokin ranar da ba a hawansa?

Malam, a taƙaice, mene ne bambancin waɗannan hanyoyi?

Shata ita ce ka ɗauki jirgi sukutum domin tafiya ɗaya, ka biya, ka sauka, a rabu. Sayen kaso kuma ka zuba jari ka mallaki wani yanki na jirgi, kamfani ya riƙe shi, ya ba ka adadin awoyi a shekara daidai da kasonka. Akwai na tsakiya, wato katin awa: kana biyan kuɗin awoyi tun kafin ka yi amfani da su, amma ba ka mallaki ko ƙusa ɗaya a jikin jirgin ba. Sannan akwai haɗin gwiwar da manyan kamfanonin jiragen fasinja ke yi da masu ƙananan jirage, inda za ka yi doguwar tafiya a kujerar alfarma, ƙaramin jirgi ya ƙarasa da kai gari na ƙarshe. Mallakar jirgi gaba ɗaya kuwa wannan ɗaure doki ne a gida.

An gaya mini farashin awa ɗaya, amma takardar da aka turo ta ninka shi fiye da sau uku. Cuta ce?

Sau da yawa ba cuta ba ce, rashin bayani ne. Bari mu yi lissafin tare da misali na ƙirƙira. A ɗauka jirgin dala 6,000 ne a awa, kai kuma daga Kano za ka Abuja, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya cif ba. Kana sa ran dala 6,000. Sai dai jirgin ba a Kano yake kwana ba, a Legas yake. Zai taso babu kowa a ciki sai matuƙa, ya ci kusan awa ɗaya da rabi kafin ya iso filin Malam Aminu Kano. Ya ɗauke ka, awa ɗaya. Ya sauke ka a Abuja, ya sake komawa Legas fanko, wata awa ɗayan. Awa uku da rabi ke nan, dala 21,000, kuma kai ka biya duka. Duk wanda ya taɓa ɗaukar shatar mota daga tasha zuwa ƙauye ya san direba yana saka kuɗin dawowarsa a ciki, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

A kan wannan ake ɗora kuɗin sauka, kuɗin fakin, kuɗin masu hidimar ƙasa, abinci, da otal ɗin matuƙa idan za su kwana suna jiranka. Idan za ka yi kwana uku a Abuja ka ce jirgi ya tsaya, yawancin kamfanoni suna cajin mafi ƙarancin awoyi a kowace rana ko da bai motsa ba, domin ka hana shi zuwa neman kuɗi wani wuri. Tafiya zuwa ƙasar waje tana da ƙarin izinin ratsa sararin samaniyar ƙasashen da ke hanya. A ƙasashen sanyi akwai kuɗin narkar da ƙanƙarar da ta daskare a fukafukai, wanda ba a saka shi a takardar farko, sai bayan an dawo a turo maka. A Amurka kuma gwamnatin tarayya tana karɓar harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan shatar cikin gida.

Don haka tambayar farko da za ka yi wa mai ba da shata ita ce inda jirgin yake a yau, da inda zai je bayan ya sauke ka. Farashin awa yana zuwa daga baya.

To ita wannan tafiyar fanko da ake cewa ana samun ta da araha fa?

Gaskiya ne. Tunda wani ya riga ya biya kuɗin komawar, kamfani yakan karyar da farashi sosai domin ya sami ƙari. Amma kai ɗan rakiya ne. Idan mai asalin shatar ya ɗage tafiyarsa ko ya fasa, taka ta tafi tare da tasa, kuma babu wanda zai kawo maka wani jirgin. Ta dace da mai zuwa hutu. Mai ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya na safe kada ya dogara da ita.

Daga ina sayen kaso ya samo asali?

Daga Amurka. Akwai kamfanin Executive Jet da aka kafa a 1964 a birnin Columbus na jihar Ohio. Wani masanin lissafi da ya yi aiki a bankin Goldman Sachs, Richard Santulli, ya saye shi a 1984, ya zauna ya yi nazarin tsofaffin kundayen tafiye-tafiyen kamfanin: wa ya tashi, yaushe, zuwa ina. Abin da ya gano shi ne, idan masu jirage suna da yawa, da wuya dukkansu su buƙaci tashi a lokaci guda. Ke nan ana iya sayar wa mutane da yawa jirgi ɗaya, a tara irin jiragen a garke guda, kamfani ya ajiye wasu nasa na ko-ta-kwana domin ranar da buƙata ta yi karo. A 1986 ya fito da tsarin da sunan NetJets.

Attajirin Amurka Warren Buffett ya fara a matsayin abokin ciniki, abin ya burge shi, sai kamfaninsa Berkshire Hathaway ya saye NetJets ɗin gaba ɗaya a 1998 a kan kusan dala miliyan 725. Abin dariya, shi wannan dattijon da ya shahara da tsimi, ya taɓa laƙaba wa jirgin kamfaninsa suna mai ma'anar "abin da ba shi da hujja", daga baya da ya ɗanɗana daɗinsa ya sauya zuwa "abin da ba a iya yi sai da shi". Babban abokin gasar NetJets shi ne Flexjet, wanda kamfanin ƙera jirage na Kanada, Bombardier, ya kafa a 1995, kafin ya sayar da shi a 2013.

Idan na sayi kaso, jirgin nawa zan riƙa hawa kullum?

A'a. Kana iya cinye shekara biyar ba ka taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Sunanka yana kan takardun wani jirgi mai lamba takamaimai, amma ranar da ka kira, wanda ya fi kusa da kai daga cikin garken za a turo, irin ƙirar naka ko wanda ya fi shi. Shi ya sa jiragen kamfani ɗaya suke da fenti ɗaya da kujeru iri ɗaya. Abin kamar watanda ne: an haɗa kuɗi an sayi sa, kowa ya san kashinsa, amma ba wanda zai nuna cinya ya ce tasa ce tun san yana tsaye.

Ana lissafin jirgi ɗaya a kan awa 800 a shekara. Mafi ƙanƙantar kason da aka saba sayarwa shi ne ɗaya bisa goma sha shida, wato awa 50. Ɗaya bisa takwas awa 100, ɗaya bisa huɗu awa 200. Yarjejeniyar yawanci ta shekara biyar ce. Abin da kake saye a zahiri alkawari ne: idan ka ba da sanarwa cikin wa'adin da aka rubuta, daga 'yan sa'o'i zuwa yini guda, dole a kawo maka jirgi, kuma a cikin yankin da aka shata maka ba za ka biya zuwan fanko ba. Awoyin da kake ciki kawai ake cirewa.

Nawa ake kashewa a shekara idan an yi lissafin gaskiya?

Kuɗi uku ne ake nuna maka, na huɗu kuma yana ɓoye. Akwai kuɗin sayen kason. Akwai kuɗin wata-wata na albashin matuƙa, inshora, horo da wurin ajiya, wanda za ka biya ko kana kwance a gida. Akwai kuɗin kowace awa da ka tashi, da ƙarin mai idan farashinsa ya hau. Na huɗun shi ne faɗuwar daraja. Idan shekara biyar ta cika, kamfani zai sake sayen kasonka a farashin kasuwa na ranar, ya cire la'adarsa. Kuma jirgin da yake tashi awa 800 ko fiye a shekara ya sha wuya fiye da na attajirin da ke fitowa sau biyu a wata, don haka darajarsa ta fi saurin zubewa.

Ga misali, shi ma na ƙirƙira ne domin a ga yadda lissafin ke tafiya. Jirgin dala miliyan 24, kason ɗaya bisa sha shida dala miliyan ɗaya da rabi. A ce bayan shekara biyar rabin kuɗin ya dawo maka: ka yi asarar 750,000, wato 150,000 a shekara. Kuɗin wata 15,000, a shekara 180,000. Kuɗin awa 5,000 sau 50, ya ba da 250,000. Jimla 580,000, ka raba da 50, kowace awa ta tsaya maka a dala 11,600. Yanzu a ce harkoki sun canja, awa 25 kawai ka yi a wannan shekarar. Na farko da na biyu ba su rage ko sisi ba, na ukun ne kawai ya koma 125,000. Jimla 455,000, ka raba da 25, awa ɗaya ta koma dala 18,200. Ba a ma yi maganar ribar da miliyan ɗaya da rabin nan za ta kawo ba da a ce a kasuwa ka juya ta.

Mai tallar kaso dala 5,000 ɗin nan zai fi nanata maka.

Me zai hana mu haɗa kuɗi mu huɗu mu sayi namu, ba sai da kamfani ba?

Ana yi, kuma ya fi araha a takarda. Matsalar ita ce abokai huɗu masu harka iri ɗaya rana ɗaya suke buƙatar jirgi: jajiberin Sallah, goman ƙarshe na azumi, ranar babban taron jam'iyya, bikin 'yar wani babban mutum da duk aka gayyace su. Jirgi kuma ɗaya ne, kuma idan ya shiga gareji duba na shekara zai iya yin makonni. Dabarar Santulli tana aiki ne saboda ɗaruruwan jirage da dubban mutanen da ba su san juna ba. Idan dai sai kun yi, ku rubuta tun farko wa ke da fifiko a irin waɗannan ranaku, wa zai biya idan inji ya buƙaci babban gyara, da yadda mai son fita zai fita. Kada a bar shi a kan "ai mun san juna".

Katin awa fa, ba shi ne mafita ba?

Ga mutane da yawa shi ne. Kamfanin Marquis Jet ne ya yi fice da shi daga 2001, yana sayen kaso a wurin NetJets yana yayyanka shi zuwa katunan awa 25, kamar mai sarin buhu yana sayarwa mudu-mudu. NetJets ta saye shi a 2010. VistaJet, wanda Thomas Flohr ya kafa a 2004 kuma yake da mazauni a tsibirin Malta, ya gina kasuwancinsa kacokan a kan wannan tunani: jiragen na kamfani ne, faɗuwar darajarsu a wuyansa take, kai awoyi kawai kake ƙulla yarjejeniyarsu na wasu shekaru.

Kuɗin awa a kati ya fi na mai kaso tsada, amma ba ka daskarar da jari ba. Ka karanta wurare biyu da kyau. Na farko wa'adin ƙarewar awoyin, domin wasu katunan suna mutuwa da sauran awoyinka a ciki. Na biyu jerin ranakun cunkoso. A Amurka irin su bikin godiya na Nuwamba da ƙarshen Disamba da ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wato Super Bowl, ne, a Turai kuma taron Davos na Janairu da tseren motoci na Monako. A waɗannan ranaku ana ƙara kuɗi, ana tsawaita wa'adin sanarwa, kuma kamfani yana da ikon matsar da lokacin tashinka da wasu sa'o'i.

Idan kamfanin ya karye, ina kuɗina?

Wannan tambayar ya kamata kowa ya fara da ita, amma kusan kullum ita ce ta ƙarshe. Mai kati bashi ya ba kamfani, ba tare da jingina ba. Lokacin da kamfanin shata na Amurka JetSuite ya nemi kariyar kotu a Afrilun 2020, farkon annobar korona, miliyoyin dalolin da abokan cinikinsa suka biya tun gaba suna cikin abin da ya maƙale. Mai kaso yana da ɗan abin riƙewa tunda sunansa na kan jirgi, amma shi ma ba lafiya lau ba. Da kamfanin sayar da kaso Avantair ya durƙushe a 2013, masu kaso sun tarar da wasu jiragensu a ƙasa babu inji, an ciccire kayansu an saka wa wasu, ga masu gyara suna bin bashi sun riƙe su. Mutum goma sha shida da ba su taɓa haɗuwa ba suka wayi gari suna da gangar jirgi guda a tsakaninsu. Jet It, mai sayar da kason ƙananan jiragen HondaJet, shi ma ya daina aiki a 2023.

Mai shata ne kawai ba ruwansa, tunda kuɗin tafiya ɗaya ya fitar. Kafin ka ajiye kuɗi masu nauyi, ka tambaya ko a asusu na daban ake killace su, ko kuwa da su ake biyan albashin wannan watan.

Me ake nufi da haɗin gwiwa da kamfanonin jiragen fasinja?

Iri biyu ne. Akwai kamfanonin da suka buɗe nasu sashen na shata. Qatar Airways ta kafa Qatar Executive a 2009, tana da manyan jiragen Gulfstream masu dogon zango, kuma tana cikin na farko da suka karɓi sabon G700 a 2024. Emirates ta fito da nata a 2013 da jirgin Airbus A319 da aka gyara wa fasinja 19 kacal. Wannan shata ce zalla, sai dai da sunan babban kamfani a bayanta.

Na biyun shi ne haɗa tikiti da ƙaramin jirgi. Lufthansa ta fara a 2005 tare da NetJets na Turai: ka sauka Frankfurt ko Munich a aji na ɗaya, a ɗauke ka a mota zuwa gindin ƙaramin jirgi, ya kai ka wani ƙaramin gari da jiragen fasinja ba sa zuwa. Ta rufe shirin a 2022. Wanda ya fi girma yanzu shi ne na Delta da Wheels Up a Amurka. An kafa kamfanin shata na Wheels Up a 2013, a 2020 Delta ta haɗe sashenta na jiragen shata da shi ta karɓi hannun jari. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 2021, ya yi ta tafka asara, har a 2023 Delta da wasu masu zuba jari suka ceto shi da tallafin kusan dala miliyan 500, suka karɓe mafi yawan mallakarsa. Abin da abokin ciniki ke samu shi ne asusu ɗaya da zai iya kashewa a shata ko a tikitin Delta, da matsayi na sama a tsarin makin da Delta ke ba masu yawan hawa jiragenta.

Ra'ayina shi ne tunanin yana da kyau, sana'o'in ne ba su cika jituwa ba. Jirgin fasinja yana cin riba ne da tsayayyen jadawali da cika kujeru. Shata kuwa kullum sabon lissafi ce. Ka ɗauki makin da matsayin a matsayin gyara da ake yi wa mai saye, kada su zama dalilin cinikin.

Ita kujerar aji na ɗaya ba ta wadatar ba?

A doguwar tafiya ta mutum ɗaya ko biyu, ta wadatar har ta yi yawa. Daga Legas ko Abuja zuwa Landan tafiyar awa shida da 'yan kai ce, kuma jirgin shatar da zai yi ta ba tare da tsayawa shan mai ba babba ne, kuɗin zuwansa kawai ya sayi tikitin alfarma na mutane da dama. Ga gado shimfiɗaɗɗe, ga wurin hutawa a filin jirgi, wasu kamfanonin har da motar kai da ɗauko. Manyan jiragen Airbus A380 na Emirates suna da wurin wanka, Etihad kuma tun 2014 ta fito da masauki mai ɗaki uku a nata. Yawancin ƙananan jiragen shata ko miƙewa tsaye sosai ba a iya yi a cikinsu.

Inda shata ke cin nasara shi ne lokaci da wuri. Amurka tana da filayen jirgi na jama'a kusan 5,000, amma kimanin 500 ne jiragen fasinja ke zuwa. Mai zuwa New York yana sauka Teterboro, mai zuwa Faris Le Bourget, mai zuwa Landan Farnborough ko Luton, ya fito cikin mintuna. Ko tawagar mutum takwas da za su zaga garuruwa uku a yini ɗaya su kwana gida. Wannan jirgin fasinja ba zai iya yi musu ba ko nawa suka biya.

Maigidana a Kano yake zaune, yawancin tafiyarsa Abuja, Legas, Jidda da Dubai. Zai iya sayen kaso?

Sayen zai iya, amfanin ne ba zai samu ba. Garken manyan kamfanonin kaso a Amurka da Turai yake. Alkawarin nan na babu kuɗin zuwan fanko a cikin yankinsu kawai yake aiki. Da zarar an ce a ɗauko mutum daga Kano, sai lissafin ya koma na shata, har ya fi. Sannan dokokin ƙasashe ba su cika barin jirgin waje ya riƙa ɗaukar fasinja na kuɗi tsakanin garuruwa biyu na cikin gida ba sai da izini na musamman. Kaso yana da ma'ana ga wanda ke shafe watanni a can yana yawo a tsakaninsu.

Ga mai gidanki ko mai gidanka, abin da ya fi dacewa shi ne a raba tafiyar. Ta cikin gida mai gaggawa a ɗauki shata daga kamfani mai lasisi a Abuja ko Legas, idan tana da yawa a yi ciniki a kan dunƙulen awoyi. Ta waje a hau kujerar alfarma: Qatar Airways tana zuwa Kano tun 2022, akwai Ethiopian da EgyptAir, Emirates kuma ta dawo Legas a Oktoban 2024 bayan ta dakata kusan shekara biyu. Umara da iyali mutum goma sha biyu ita ce inda za a zauna a kwatanta, kuma a fara neman izinin sauka a Jidda ko Madina da wuri, musamman a azumi.

Wani abokina yana da jirgi, ya ce in sa mai in ba matuƙa wani abu kawai. Akwai laifi?

Idan kyauta ya ba ka, tsakaninku ne. Idan kuɗi ya shiga tsakani, ya zama kabu-kabun sama. Jirgin da aka yi wa rajistar amfanin kai dokarsa daban da ta jirgin haya. Na haya dole ya kasance ƙarƙashin takardar da ake kira AOC, wadda ke tilasta tsarin gyara mai tsauri, gwajin matuƙa a kai a kai, da iyakar awoyin da za su yi aiki kafin su huta. Inshorar jirgin amfanin kai kuma tana iya ƙin biyan ko kwabo idan aka gano fasinjan kuɗi ya ɗauko.

Masu bin ƙwallo ba su manta da Emiliano Sala ba. Ranar 21 ga Janairun 2019 ya taso daga Nantes a Faransa zuwa Cardiff, sabuwar ƙungiyarsa, a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, da dare. Jirgin ya faɗa teku kusa da tsibirin Guernsey. Bincike ya nuna matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja na kuɗi, ba shi da izinin tuƙin dare, jirgin ma ba shi da izinin haya. A 2021 kotu a Birtaniya ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18. Shi Sala bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba lokacin da ya hau.

A Najeriya ma abin ya yi ƙamari har a 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta dakatar da izinin wasu masu jirage, ministan sufurin sama Festus Keyamo kuma ya kafa kwamiti a kan shatar bayan fage. Hukumar kwastan ita ma ta tantance takardun shigo da irin waɗannan jirage a 2021 da 2024. Ka nemi kwafin AOC, ka duba cewa lambar da ke jikin wutsiyar jirgin da za ka hau tana cikin jerin da aka amince wa kamfanin. Lambar Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar 5U, ta Amurka N, ta Malta 9H. Lambar waje ba laifi ba ce, amma tana buƙatar ƙarin tambaya.

Sai da dillali?

Ba dole ba, amma nagari yana da amfani, don ya san inda kowane jirgi ya kwana. Dillali ba shi da jirgi, la'ada yake ci. Ka sa ya rubuta maka sunan kamfanin da zai yi tuƙin, lambar jirgin, shekarar ƙirarsa, da shaidar masu binciken tsaro masu zaman kansu irin ARGUS, Wyvern ko IS-BAO idan akwai. Wanda ya ce sai ka biya zai faɗa, ka bar shi.

Awa nawa a shekara ke nuna wanda ya dace da ni?

Masu harkar suna da ma'auni na kusa-kusa: ƙasa da awa 25 shata, daga 25 zuwa 50 kati, daga 50 zuwa wajen 200 kaso, sama da haka a fara tunanin mallaka. Kada ka ƙiyasta da ka. Ka sa a fito maka da tikitocin shekara biyun da suka wuce, a ware tafiyoyin da da gaske jirgin fasinja ya kasa yi maka. Kusan kowa yana tarar da adadin bai kai rabin abin da yake zato ba.

Jirgin shata yana kuɓutar da mutum daga jinkiri da layin biza?

Daga layin tantance kaya da jiran a cika jirgi, ƙwarai. Fasfo da biza da kwastan suna nan, sai dai a yi maka su a ɗaki mai sanyi kana shan shayi. Yanayi kuwa bai san mai kuɗi ba. Na taɓa raka wata tawaga filin jirgi da sanyin safiya a tsakiyar hunturu, an biya shata tun jiya, jirgi na tsaye an zuba mai, jakunkuna suna ciki. Hazo ya rufe gari har ba ka hango fitilar ƙarshen titin jirgin. Babban cikinsu ya dubi agogo ya ce wa matuƙin, "Kyaftin, ai don gudun irin wannan muka ɗauke ka." Matuƙin ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, tashi ba wuya. Garin da za mu ne nasu hazon ya fi namu, kuma filinsu ba shi da na'urar da za ta sauko da mu." Ga wani ƙarin: filin can ba ya aiki bayan faɗuwar rana, don haka idan la'asar ta yi ba a tashi ba, an fasa ke nan. Sai bayan azahar sama ta ɗan washe. Suka isa an tashi daga taron da suka je domin shi, kuma takardar da suka sa wa hannu ta ce jinkirin yanayi ba a mayar da kuɗinsa.